Haƙƙin Ma'aikaci A Lokacin Tsanani: Wa Ake Ɗora Wa Asarar?

 

Ya 'yan'uwa Musulmi, akwai wani al'amari da ba kasafai muke taɓo shi ba a cikin wa'azozinmu da rubuce-rubucenmu, alhali kuwa babu gidan da bai shiga ba. Wannan al'amari shi ne dambarwar da ake yi tsakanin ƙungiyoyin ƙwadago da masu kamfanoni da gwamnati a duk lokacin da tattalin arzikin ƙasa ya taɓarɓare. Da yawa daga cikinmu sun ɗauki wannan magana a matsayin harkar 'yan boko da 'yan siyasa, idan sun ji an ce za a shiga yajin aiki, iyakar abin da ya dame su shi ne ko za a sami man fetur, ko banki zai buɗe. To, ni a ganina wannan kuskure ne babba, domin kuwa abin da ake jayayya a kansa shi ne ladan gumin ɗan Adam, kuma Shari'a ta yi magana a kan ladan gumi tun kafin a san wani abu wai shi ƙungiyar ƙwadago a duniya.

Duk wanda ya bi tarihin Nijeriya daga zamanin Shagari zuwa yau zai ga abu ɗaya ne yake ta maimaita kansa. A watan Mayu na 1981 Ƙungiyar Ƙwadago ta Ƙasa, wato NLC, a ƙarƙashin shugabanta na farko Hassan Sunmonu, ta kira yajin aikin gama-gari, wanda ya sa aka yi dokar mafi ƙarancin albashi na Naira 125 a wata. Shekara ba ta zagayo ba kuɗin man fetur ya faɗi a kasuwar duniya, gwamnati ta fito da dokar tsuke bakin aljihu a 1982, masana'antu suka rasa kuɗin waje na sayo kayan aiki, aka shiga sallamar ma'aikata. Da Janar Babangida ya hau mulki a 1985, ya kafa dokar ta-ɓaci a kan tattalin arziki, aka yanke wani kaso daga albashin ma'aikata. Ya buɗe muhawara a kan ko a karɓi bashin Hukumar Ba da Lamuni ta Duniya, jama'a suka ce ba sa so, ya ce ya ji, ba za a karɓa ba. Amma kuma a 1986 sai ga shirin nan na SAP ya zo da sharuɗɗan da aka ƙi: karya darajar Naira, janye tallafi, sayar da kamfanonin gwamnati, da rage ma'aikata. An ƙi cin biri, an ci dila.

Da ƙungiyar ƙwadago ta nuna ba ta yarda ba, sai aka jira ta sami ɓaraka a cikin gida. A taronta na Binin a watan Fabrairu na 1988 ta dare gida biyu, gwamnati kuwa ta yi wuf ta rushe shugabancin Ali Chiroma, ta naɗa mata kantoma. Bayan 'yan makonni kaɗan, a watan Afrilu, aka ƙara kuɗin fetur daga kwabo 39 da rabi zuwa kwabo 42. Matasan yau za su yi dariya idan suka ji cewa a kan kwabo biyu da rabi aka yi zanga-zangar da ta faro daga Jos ta bazu garuruwa, amma mutanen wancan lokaci sun gane cewa ƙofa ce aka buɗe. A 1994 ma haka aka yi: ma'aikatan man fetur na NUPENG da PENGASSAN suka shiga yajin aiki a watan Yuli, Janar Abacha ya rushe shugabanninsu da na NLC a watan Agusta, aka tsare Frank Kokori har zuwa 1998. Wancan yajin na siyasar zaɓen 12 ga Yuni ne, kuma ra'ayoyin mutane sun bambanta a kansa, musamman a nan Arewa, amma dai darasin da gwamnatoci suka ɗauka shi ne cewa idan aka kama kai, jiki zai lafa.

Mulkin farar hula bai sauya zane ba, sai dai salon ɗaurawa. A ranar 1 ga Janairu 2012 litar fetur ta tashi daga Naira 65 zuwa wajen Naira 141, aka yi mako guda ƙasa a tsaye cik, sannan aka sasanta a kan Naira 97. A ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Tinubu ya sanar da ƙarewar tallafin mai a cikin jawabinsa na karɓar mulki, a watan Yuni aka saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa, a cikin 2024 hauhawar farashi ta wuce kashi 34 cikin ɗari, litar fetur ta haura Naira 1,000. Aka kafa kwamitin ɓangarori uku mai mutum 37, da wakilan gwamnati da na masu kamfanoni da na ƙwadago. 'Yan ƙwadago suka fara da neman Naira 615,000, suka sauko 494,000, suka sake saukowa 250,000. Gwamnati ta fara da 48,000. Gwamnoni suka fito suka ce ko 60,000 ba za su iya ba. A ranar 3 ga Yuni 2024 aka shiga yajin aiki har aka kashe babban layin wutar lantarki na ƙasa, a watan Yuli aka tsaya a kan Naira 70,000.

Mai karatu zai ga lambobi suna ta hauhawa, daga 125 zuwa 18,000 a 2011, zuwa 30,000 a 2019, zuwa 70,000, ya zaci ci gaba ake yi. To, a 1981 Naira ta fi Dalar Amurka daraja, Naira 125 ta kai wajen Dala 200. A watan da aka sa hannu a kan Naira 70,000 kuwa, kuɗin ba su kai Dala 50 ba, kuma da ƙyar za su sayi buhun shinkafa ɗaya. Masinjan ofis na zamanin Shagari ya fi jikansa na yau ƙarfin cefane nesa ba kusa ba, bayan shekara arba'in ana yajin aiki ana zaman sulhu.

Amma ba wannan ne abin da ya fi damuna ba. Nawa za a biya ma'aikaci a wata mai zuwa, magana ce ta ciniki, ana iya tayawa ana iya sallamawa, kuma idan ƙasa ta shiga tsanani ba laifi ba ne a zauna a duba abin da zai yiwu. Abin da ya riga ya yi wa aiki kuwa ya fita daga babin ciniki, ya zama bashi a wuyan wanda ya sa shi aikin. Abin takaicin shi ne a Nijeriya an cakuɗa waɗannan abubuwa biyu da gangan, har ya zamana gwamna zai riƙe albashin wata shida, sannan ya zauna da shugabannin ƙwadago a tattauna a kan ko zai biya wata biyu su janye yajin aiki, kowa ya fito yana murmushi a gaban 'yan jarida, a ce an cimma matsaya. Wace irin matsaya ake cimmawa tsakanin mai bin bashi da wanda ya danne masa kuɗi? A shekarun 2015 da 2016 fiye da rabin jihohin ƙasar nan ma'aikata suna bin su bashin albashi, Gwamnatin Tarayya ta ba da kuɗin ceto, daga baya ta ƙara da rarar kuɗin bashin Paris, duk da haka a wasu jihohin malaman firamare da 'yan fansho ba su ga komai ba, a wasu kuma aka ƙirƙiro bidi'ar biyan rabin albashi. Kuɗin 'yan fansho ma bai tsira ba, domin a 2021 kotu ta ɗaure Abdulrasheed Maina, wanda aka ɗora wa aikin gyara harkar fansho, shekara takwas a kan kuɗin da ya danganci wannan amana. Maƙwabtanmu na Jamhuriyar Nijar ma sun ɗanɗani irin wannan a shekarun 1990, lokacin da aka karya darajar Sefa da rabi a Janairun 1994, ma'aikatan gwamnati suka riƙa ƙidayar watannin da suke bi.

Wanda yake son ya ga ƙarshen wannan hanya, to ya je Kakuri a Kaduna. A nan ne Gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna ta kafa masaƙar KTL a 1957, daga baya masaƙar Arewa da UNTL da wasunsu suka biyo baya, har unguwar ta zama gari guda mai cin gashin kansa. Idan aka busa ƙahon tashi daga aiki, dubban mutane ne suke fitowa a kan kekuna, masu abinci da masu hayar ɗaki da teloli da masu shayi duk a jikin masaƙun suke ci, manoman auduga na Funtuwa da Gusau da Gombe kuma suna da kasuwar kayansu. Ƙungiyar ma'aikatan masaƙu tana cikin mafi tsari a ƙasar, daga cikinta ne Adams Oshiomhole ya fito har ya shugabanci NLC daga 1999 zuwa 2007. Adalci ne a faɗi cewa masu masaƙun sun shiga ƙunci na gaskiya: wutar lantarki babu, baƙin mai ya yi tsada, injuna sun tsufa, an ɗage takunkumin shigo da yadi a 1997, 'yan fasa-ƙwauri kuma suna ta kwararo atamfar Sin ta kan iyakoki, wata ma da tambarin masaƙun gida a jikinta. Ba wanda zai ce dole kamfani ya ci gaba da aiki yana asara har abada.

To amma yaya aka rufe? An rufe KTL a ƙarshen 2002, aka sallami ma'aikata hannu rabbana, babu kuɗin sallama, babu giratuti. Mutumin da ya yi shekara ashirin ko talatin a gaban injin saƙa, ƙurar auduga ta cika masa ƙirji, ƙarar inji ta taɓa masa ji, ya wayi gari ba shi da ko kuɗin motar komawa garinsu. Shekara da shekaru waɗannan bayin Allah suna taruwa suna kai kuka daga ofis zuwa ofis, da yawansu sun mutu suna jira, matansu suka gaji jiran. Masu wannan kamfani kuwa ba wasu Turawa ba ne da za a ce sun kwashe kayansu sun tafi, gwamnatocin jihohin Arewa goma sha tara ne. A cikin waɗannan shekaru wasu daga jihohin nan da suka ƙaddamar da Shari'a sun gina masallatai, sun kai dubban mutane Makka da kuɗin gwamnati, sun raba abincin buɗa-baki a watan azumi. Ina ma a ce an fara da biyan bashin masaƙa kafin a kai ga nafila.

Ya 'yan'uwa, babu wani babi na mu'amala da nassosi suka fi tsanantawa a kansa kamar wannan. Imam Buhari ya ruwaito hadisin ƙudusi wanda ke nuna cewa akwai mutum uku da Allah da kansa zai zama abokin husumarsu ranar alƙiyama, ɗaya daga cikinsu shi ne wanda ya ɗauki ma'aikaci, ya karɓi aikinsa cikakke, sannan ya hana shi ladansa. Ibnu Majah ya ruwaito umurnin a gaggauta biyan ma'aikaci tun gumin aikin yana jikinsa. Buhari da Muslim sun haɗu a kan hadisin da ya kira jinkirin biyan bashi daga mai hali da sunan zalunci. Ɗalibanmu da suka karanta Risala da Muhtasar sun san cewa ijara ba ta inganta sai an san aikin an kuma san ladan, sun kuma san cewa a babin fatara malamanmu na Malikiyya sun ba mai sana'a, kamar marini ko tela, fifiko a kan sauran masu bin bashi game da kayan da ke hannunsa, har sai an biya shi ladan aikinsa. A tsarin da muke ciki kuwa, mai ba da bashi da ruwa shi ne ba a wasa da ranar biyansa. A 2022 mafi yawan kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya ga biyan basussuka da ruwansu suka tafi, ba a taɓa jin an ce wa banki ya yi haƙuri ya karɓi rabi ba, malamin makaranta shi ake ce wa haka. Riba da Allah ya haramta ana biyanta a kan kari, ladan da Allah ya wajabta ana jinkirta shi.

Na san wani zai kawo ayar Suratul Baƙara wadda ta yi umurni da a saurara wa wanda ake bi bashi idan yana cikin ƙunci har ya sami yalwa, ya ce ai gwamnati da kamfanoni ma suna cikin ƙunci. Ayar gaskiya ce, kuma tana aiki a kan ubangidan da ya karye da gaske. Sai dai malaman fiƙihu ba su bar wa wanda ake bi bashi ya yanke wa kansa hukuncin cewa shi matalauci ne ba, alƙali ne yake bincikar abin da ya mallaka, a sayar da abin da ya wuce bukatarsa a biya jama'a. Wanda ya ce ba shi da kuɗin albashi, a shekarar kuma aka ga ya sayi jerin motocin alfarma, ko ya naɗa mashawarta ɗari, ko ya tura iyalinsa hutu ƙasar waje, ba shi cikin waɗanda ayar take nufi. A 2023, a daidai lokacin da ake roƙon talakawa su ƙara haƙuri da tsadar mai, aka sayo wa 'yan Majalisar Tarayya sababbin motoci masu tsadar gaske daga ƙasashen waje. Da wane baki za a ce wa lebura ya tsuke bakin aljihunsa?

Musulunci ya taɓa fuskantar irin wannan tsanani, kuma tarihi ya adana mana yadda aka yi. A shekara ta 18 bayan Hijira fari ya afka wa Hijaz, shekarar da ake kira Amur Ramada, ƙauyawa suka kwararo Madina saboda yunwa. Sayyidina Umar (R.A.) ya haramta wa kansa man shanu da nama har sai jama'a sun samu, ya koma cin gurasa da man zaitun har launin jikinsa ya sauya. Ya aika wa gwamnoninsa su aiko da abinci, ya buɗe Baitulmali ana dafawa ana rabawa, ya jinkirta karɓar zakka a wannan shekara. A wani lokaci kuma, kamar yadda Imam Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa, bayin Haɗib ɗan Abi Balta'a sun saci raƙumar wani mutumin Muzaina suka yanka, da Umar ya gane cewa yunwa ake barin su da ita, sai ya janye haddi daga kansu, ya ci ubangidansu tarar ninkin kuɗin raƙumar. Wato a wajen Umar, tsuke bakin aljihu daga gidan shugaba yake farawa, kuma laifin mayunwacin ma'aikaci ana neman wani kasonsa a wajen wanda ya yunwatar da shi.

Akwai kuma masu ganin cewa shiga ƙungiyar ƙwadago ko yajin aiki tawaye ne ga shugabanni, ko kuwa aƙidar 'yan gurguzu ce. Gaskiya ne an sami shugabannin ƙwadago masu wannan aƙida, kuma ba ma tare da su a kanta. Amma haɗuwar raunana don su karɓi haƙƙinsu daga mai ƙarfi ta girmi Markisanci da fiye da shekara dubu. Asalin Hilful Fuduli wani baƙo ne ɗan Zubaid ya sayar wa Asi ɗan Wa'il kaya a Makka ya hana shi kuɗinsa, sai wasu gidajen Ƙuraishawa suka taru a gidan Abdullahi ɗan Jud'an suka yi alkawarin tsayawa tare da duk wanda aka zalunta. Manzon Allah (S.A.W.) ya halarci wannan taro yana matashi, kuma ya yabe shi bayan an aiko shi. Haka nan, lokacin da wani mai bin sa bashi ya zo ya kausasa masa harshe, sahabbai suka zabura, sai ya hana su, ya nuna musu cewa mai haƙƙi yana da ikon magana. Idan mai bin Annabi bashi yana da bakin magana, ban ga yadda za a rufe bakin mai bin gwamna ba. Neman haƙƙi ba tare da makami ko ɓarna ba daban yake da fito-na-fito da shugaba, kuma wanda aka ɗauka aiki bisa lada, aka daina ba shi ladan, ba shi ne ya fara warware alkawari ba.

Sai dai wannan ba ya nufin duk abin da ƙungiyoyin ƙwadago suka yi daidai ne. Yajin aiki makami ne da sau da yawa ba ya samun wanda aka nufa da shi. Idan likitoci da ma'aikatan jinya suka rufe asibitin gwamnati, gwamna da kwamishina ba a can suke jinya ba, matar talaka mai naƙuda ita ce take mutuwa a bakin ƙofa. Da malaman jami'a suka yi wata takwas suna yajin aiki a 2022, 'ya'yan masu mulki suna karatunsu a Ingila da jami'o'in kuɗi, 'ya'yanmu ne suka zauna a gida. Kashe wutar ƙasa baki ɗaya yana cutar da mai walda da mai niƙa da mai sayar da ƙanƙara, waɗanda ba su da albashin da za a ƙara musu. Shaihul Islam Ibnu Taimiyya a cikin littafinsa na Hisba ya yi bayanin cewa idan jama'a suka bukaci aikin masu wata sana'a bukata ta dole, shugaba yana da ikon ya tilasta musu yin aikin, amma da sharaɗin a ba su ladan da ya dace da irin aikinsu, kada kuma a bar masu ɗaukarsu su tauye su. Wannan hukunci kaifi biyu gare shi. Gwamnati tana son rabin farko, tana garzayawa kotun ma'aikata ta karɓo umurnin hana yajin aiki, tana kafa dokar ba aiki ba albashi, amma ba ta son rabi na biyu. Wasu 'yan ƙwadago kuma suna son na biyun su manta da na farkon. Bayan haka, talakawa sun daɗe suna zargin cewa wasu shugabannin ƙwadago suna hura wutar yajin aiki ne don a kira su fadar gwamnati a daidaita da su cikin dare, kuma yadda ake janye yaji ba tare da an koma an tuntuɓi membobi ba yana ƙarfafa wannan zargi. Kuɗin da ake yanka daga albashin ma'aikaci kowane wata da sunan ƙungiya amana ne, ya kamata a riƙa karanta masa lissafinsu. Ma'aikacin da yake zuwa ofis ƙarfe goma sha ɗaya ya tashi bayan azahar, ko yake riƙe fayil sai an ba shi na goro, shi ma yana cikin masu tauye mudu.

Yanzu bari mu juyo gida, domin a nan ne maganar ta fi nauyi. Dokar mafi ƙarancin albashi ta 2019 ba ta hau kan wanda yake da ma'aikata ƙasa da 25 ba, kuma mafi yawan masu neman abinci a ƙasar nan ba su da takardar ɗaukar aiki, balle ƙungiya. Babu kujerarsu a teburin ɓangarori uku. Yaron shago, da direban gida, da mai gadi, da 'yar aiki, da leburan gini, da mai ɗinki a shagon wani, da 'yan kwantiragin da kamfanoni suke ɗauka ta hannun dillalai don su kauce wa giratuti, duk tsadar da ta sami ma'aikacin gwamnati ta same su, ƙarin da aka yi masa kuwa bai iso gare su ba. Su wa suke ɗaukar waɗannan mutane aiki? Mu ne. Alhazanmu na Kantin Kwari da Singa da sauran kasuwanni, waɗanda suke sahun farko a masallatanmu, su ne iyayen gidansu. Akwai yaron da zai yi wa ubangida hidimar shago shekara bakwai ko goma bisa alkawarin baki cewa za a sallame shi da jari, ba a faɗi nawa ba, ba a faɗi yaushe ba, ba shaida ba rubutu, idan lokaci ya yi sai a ce kasuwa ta lalace, ko a laƙa masa sata. Wannan ijara ce da jahilci ya shiga cikin ladanta da wa'adinta, ba ta inganta a mazhabar da muke karantarwa. Annabi Musa (A.S.) da surukinsa a Madyana sun ambaci shekarun aikin a fili, takwas ko goma, kafin a fara.

Mafi ciwo shi ne makarantunmu na Islamiyya. Mun gina su da yawa, alhamdu lillahi, kuma sun yi wa al'umma aikin da ba ya misaltuwa. Amma nawa muke biyan malaman da suke karantar da 'ya'yanmu Alƙur'ani da Hadisi? A wurare da yawa abin da ake ba malami a wata ba zai kai shi mako guda ba, shi ɗin ma sai ya yi wata biyu ko uku bai gani ba, idan ya yi magana a ce masa aikin Allah ne, ya nemi lada a lahira, ko a fara yi masa kallon mai son duniya. Kwamitin da zai iya tara kuɗin ƙarin bene da fentin bango da sabuwar lasifika, ya kamata ya iya tara kuɗin malami. Wanda ya zaɓi ya karantar kyauta don Allah, Allah ya saka masa, amma shi ne zai zaɓa, ba kwamiti ne zai zaɓa masa bayan an yi alkawarin albashi ba. Ba zai yiwu mu hau mumbari mu zargi gwamna da riƙe albashi ba, alhali ladanin masallacin da mai gadin makarantar suna bin mu bashi.

Saboda haka nake kira ga shugabannin rassanmu na jihohi da ƙananan hukumomi da su umurci kowane kwamitin makaranta da na masallaci ya kawo lissafin abin da ma'aikatansa suke bin sa, a biya kafin a ɗora bulo ɗaya a kan wani sabon gini. A rubuta wa kowane malami takardar da ta ambaci aikinsa da ladansa da ranar biya, shaidu biyu su sa hannu. Malamanmu masu tafsiri da huɗuba su ware lokaci su karantar da babin ijara kamar yadda suke karantar da babin tsarki, a kuma fassara shi zuwa ga yaron shago da 'yar aiki da ɗan kwantiragi. 'Yan'uwanmu da suke cikin ƙungiyoyin malamai da na ma'aikatan lafiya da na ƙananan hukumomi su daina guje wa taron ƙungiya, su halarta, su tsaya zaɓe, su nemi a bar masu kula da marasa lafiya na gaggawa a bakin aiki duk lokacin da za a yi yaji. Sannan idan tawagar malamai ta sami ganin wani gwamna daga cikin goma sha taran nan, bayan an gama maganar kujerun Hajji da filin Idi, a tambaye shi ina aka kwana game da haƙƙin ma'aikatan masaƙun Kakuri da magadansu.